Suna Linzami Ne: Darasi Daga Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, nan kusa da Fagge da Sabon Gari, ya dubi tsofaffin taragun da rana ta cinye wa fenti, zai ga har yanzu da sauran rubutu a jikinsu: lambar tarago, da nauyinsa in babu kaya, da iyakar abin da zai iya ɗauka. Yawancin masu wucewa ba su damu da wannan rubutu ba. Mu ma dā ba mu damu da shi ba, sai da wani abu ya same mu a wurin, wanda shi ne dalilin wannan maƙala. Amma kafin mu kai gare shi, bari mu ɗan waiwayi tarihin tashar, gama a cikinsa hujjarmu take.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa, sai manoman ƙasar Kano da fatakenta suka juya al'amarin ya koma gyaɗa, har aka wayi gari ana jera dalar gyaɗa tana jiran tarago. To, ta yaya buhun da aka cika a Bichi ko Gezawa zai yi tafiyar kusan mil 700 zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa ya sauka Ingila, alhali mai saye da mai sayarwa ba su taɓa ganin juna ba, kuma ciniki ya faɗa? Saboda an yarda da suna da ma'auni ne. A ƙauye da mudu ake awo, mudun wannan kasuwa kuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Amma da zarar kaya sun iso bakin tasha sai a ɗora su bisa sikeli, tan ɗaya a Kano kuwa shi ne tan ɗaya a Apapa. Akawu ya rubuta iri kaza, nauyi kaza, daga wane zuwa ga wane. Buhun da ba shi da shaida, ko da zinariya ce a ciki, a sito zai kwana.

Haka agogo. Rana takan take tsaka a Kano wajen minti 20 kafin ta take a Ikko. Da kowace tasha ta bi inuwar garinta, da jirage biyu sun yi karo a kan layi ɗaya. Tilas dukan tashoshi su bi agogo guda, lokacin da Nijeriya take bi a yau kuwa an tsayar da shi tun 1919. Haka kuma faɗin layi. Babban layin Ikko zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Amma ƙaramin layin da aka ja daga Zariya zuwa ƙasar Jos domin kuza, wanda aka gama a 1914, ƙafa 2 da inci 6 aka yi shi. Saboda wannan ƙafa ɗaya tak, duk kayan da suka zo Zariya sai an sauke su an sāke lodi a wani tarago, da gumin lebura da ɓata lokaci, har aka rufe layin a 1957.

Yanzu ga abin da ya same mu. A bazarar da ta wuce aka tura mu, mu ɗaliban labarin ƙasa, mu auna zafi a kewayen tashar. Muka rabu kashi biyu. Kashi na farko suka riƙe ma'aunin zafi a inuwa suna rubutawa, kashi na biyu suka sauko da awon da tauraron ɗan Adam mai suna Landsat ya yi wa unguwar a wannan safiya. Kowane kashi ya rubuta "zafi" a saman takardarsa. Da muka haɗa takardun sai rigima ta tashi. Da farko adadin tauraro ya haura 300, har wani ya ce ai wannan zafin Jahannama ne. Ashe da ma'aunin Kelbin aka rubuta shi, wanda sai an ɗebe masa 273 yake komawa digirin da muka saba ji a rediyo. Bayan an ɗebe ɗin ma, adadin tauraro ya ɗara na hannu nesa ba kusa ba. Waɗansu suka ce na'urar sama ƙarya take yi, waɗansu suka ce ma'aunin hannu ne ya lalace.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, yana zaune gindin darbejiya yana sauraronmu. Da ya ga musun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya ce, "Samari, ku zo nan. Ɗayanku ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen dogon nan." Wani ya ɗora, ya janye da sauri. Ya ce, "To, ɗaga hannun sama ka ji iska. Wanne daga ciki kuke kira zafi?" Muka yi tsit, sa'an nan muka ce, "Baba, ka fi mu gaskiya." Tauraro zafin doron ƙasa yake aunawa, watau na ƙarfe da kwano da kwalta. Ma'aunin hannu kuwa, kamar na ma'aikatan yanayi a filin jirgin sama, zafin iska yake aunawa a inuwa, wajen mita 2 daga ƙasa. A tsakiyar bazara na farko yakan zarce na biyu da digiri 10 ko fiye. Babu na'urar da ta yi ƙarya. Mu ne muka raɗa wa abu biyu suna ɗaya.

Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: awon da ba a tsayar da sunansa da ma'anarsa da ma'auninsa ba, buhu ne ba shaida. Kuma tun da yake rayuwar talakan ƙasar nan ta fara rataya a kan awon da ake yi daga sama, to, daidaita waɗannan sunaye ya tashi daga zancen masana a ɗakin bincike, ya zama zancen abinci da ruwa da zaman lafiya.

Domin a fahimci haka, ya kamata a san yadda aikin yake. Abin da muke kira hoton tauraro, a gaskiya jerin alƙaluma ne. Landsat yana kewaya duniya a nisan kilomita 705 daga ƙasa, yana komowa kan wuri guda bayan kwana 16. Yakan raba ƙasa gurbi gurbi kamar dara, kowane gurbi mita 30 tsawo mita 30 faɗi, sa'an nan ya leƙa kowane gurbi ta tagogi dabam dabam. Wata taga shuɗin haske kaɗai take bari ya wuce, wata kore, wata ja, wata kuma wani haske da ke bayan ja wanda idon mutum ba ya gani. Adadin da kowace taga ta bayar shi ake aikowa ƙasa. An harba Landsat na farko a watan Yuli na 1972, daidai lokacin da fari yake gasa Sahel, tun 2008 kuma Amurka ta sakar wa kowa bayanansa kyauta. Turai ta harba Sentinel-2 a 2015, mai gurbin mita 10. Mu ma an harba mana NigeriaSat-1 a 2003, da waɗansu biyu a 2011. Saboda haka ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet a Fagge yana iya riƙe tarihin gonakin kakanninsa na shekara 50 a hannunsa.

Amma dubi inda gizo ke saƙa. Tagogin nan lamba aka ba su, lambar kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Landsat na 1972, taga ta 4 ita ce ta koren haske. A Landsat na 5 da na 7, taga ta 4 ita ce ta hasken bayan ja. A Landsat na 8, wanda aka harba a 2013, taga ta 4 ta koma ta jan haske. Mai son auna ɗanyen ganye a gona yakan gwada jan haske da na bayan ja, domin lafiyayyen ganye yana shanye ja yana mayar da na bayan ja. In ɗalibi ya haddace cewa "a ɗebe ta 3 daga ta 4" tun zamanin Landsat na 7, ya zo ya yi wa bayanan Landsat na 8 wannan lissafi, to, kwamfuta ba za ta tsawata masa ba. Za ta zana masa taswira mai kyan gani, wadda a cikinta shinkafar Kadawa za ta fito kamar faƙo, jar ƙasar da babu ko tsiro kuma ta fito kamar lambu. Haka nan a cikin waɗansu bayanan ruwan sama, inda ba a sami awo ba akan rubuta -9999. Wanda bai san wannan ba, ya tara ya raba, sai ya kawo wa gwamnati rahoton farin da bai auku ba. Ga kuma tsofaffin littattafan ruwan sama na Kano, waɗanda aka fara tun farkon ƙarnin da ya wuce, da inci aka rubuta su, na yanzu kuwa da milimita, inci ɗaya milimita 25.4.

Kada a zaci mu kaɗai irin wannan ke kayarwa. A watan Satumba na 1999 Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars domin nazarin yanayinta, saboda kamfanin da ya ƙera shi ya ba da alƙaluma da ma'aunin Ingilishi, masu tuƙa shi kuwa suka ɗauka na mita ne. Masana sun ga irin wannan tuntuɓe tun da daɗewa, shi ya sa suka tsara abin da ake kira ƙa'idojin CF, na bayanan yanayi da hasashensa, waɗanda aka fitar da bugunsu na farko a 2003. Zuciyar ƙa'idojin wani dogon jadawali ne mai sunaye dubbai. Kowane suna yana tafe da bayanin abin da yake nufi da ma'aunin da ake auna shi. A ciki zafin iska da zafin doron ƙasa kowanne da sunansa. Yawan ruwan da ya zuba dabam, saurin zubarsa dabam, jimlar da ta haɗa da ƙanƙara dabam. Kowa yana da ikon kawo shawarar sabon suna, a yi muhawara a fili har a daidaita, sa'an nan a shigar. Sunan da aka shigar kuwa ba a goge shi. In an sami wanda ya fi shi sai tsohon ya zama laƙabi, domin kada bayanan dā su zama marayu. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma ta fitar da tsarin rarraba fuskar ƙasa a 2000, wanda aka gina ƙa'idar duniya a kansa a 2012.

Wannan aiki ne mai kyau, muna kuwa goyon bayan a bi shi sau da ƙafa a jami'o'inmu da ma'aikatunmu. Sai dai Hausawa sun ce suna linzami ne, wanda ya riƙe linzami kuwa shi ke juya doki. Abin da aka ba suna shi ake ƙirgawa, abin da aka ƙirga shi ake yi wa kasafi. Bari mu kawo misalai.

A 2016 fari ya afka wa ƙasar Malawi, mutane fiye da miliyan 6 suka bukaci agaji. Gwamnatin ƙasar ta riga ta sayi inshorar fari daga wata hukuma ta Tarayyar Afirka, wadda ke dogara da awon ruwan sama na tauraro. Da farko lissafin ya nuna babu abin biya. Da aka bincika sai aka tarar an gina shi ne bisa masara mai daɗewa a gona, manoma kuwa sun koma shuka mai saurin nuna, wadda yankewar ruwan ta sama a mugun lokaci. Da aka gyara sai aka biya dala miliyan 8 da 'yan kai, bayan watanni sun shige. Kalma ɗaya ce, "masara", ta ɗauki ma'ana biyu. To, mu fa? A yawancin alƙaluman duniya suna ɗaya ne ya haɗa gero da maiwa da dauro. Kowane yaro a ƙauye ya san gero yakan nuna cikin wata uku ya fid da mutane daga yunwar damina, maiwa kuwa sai ta kai kaka. Ruwan da ya ɗauke a farkon Satumba bai cuci mai gero ba, amma ya kashe mai maiwa. Jamhuriyar Nijar ta karɓi kuɗin irin wannan inshora a 2015, saboda haka maganar tana bakin ƙofarmu.

Misali na biyu itatuwa. Bisa ma'anar hukumar abinci ta duniya, daji shi ne filin da ya wuce rabin hekta, mai itatuwan da suka haura mita 5, waɗanda inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, ban da ƙasar da ake nomawa. Saboda haka gonakin karkarar Kano, masu gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, a taswira "gona" ce kawai, itatuwansu ba su shiga lissafi ba. Shekara da shekaru ana ta wa'azin cewa manomi Bahaushe ne ke jawo hamada da gatarinsa. Ana cikin haka, tun daga wajen 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa rainon tohon kututture a gonakinsu. Sai da aka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotuna masu kaifi aka gane sun farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2020 kuma masu bincike suka ƙirga itatuwa ɗai ɗai har biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da taswirori da yawa suka nuna kamar fili ne fetal. Itatuwan suna nan tun tuni. Gurbin rubuta su ne babu.

Haka Tafkin Chadi. An san ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kuma fari na 1970 da 1980 da 'yan kai ya tsuke shi ƙwarai. Amma wanda ya ƙirga sararin ruwan da tauraro ke gani tsirara, da wanda ya haɗa da ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyawa, adadinsu yakan bambanta ninki ba ninki, kowannensu kuwa "tafki" ya rubuta. A kan irin waɗannan alƙaluma ake shawarar ayyukan biliyoyin kuɗi.

Mu komo gida. Manomi ya san fadama da tudu da jigawa da faƙo da saura. Makiyayi ya san burtali da mashaya da makiyaya. Mutumin birni ya san kududdufi, ya kuma san aikinsa na haɗiye ruwan unguwa kafin ya gangara Jakara. In jadawalin da ake rarraba ƙasa da shi ba shi da gurbin burtali, sai a rubuta shi "fili" ko "ciyawa". Filin da taswira ta ce ba na kowa ba ne kuwa, ba a daɗewa sai a yanka shi. Ranar da garke ya taso daga mashaya ya tarar da hanyar kakanninsa ta zama gona, kowa ya san abin da ke biyo baya, ko da yake tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Kududdufin da aka auna da rani aka rubuta shi "fili", shi ne ake cikewa a yi gini, damina ta zo ruwa ya nemi gidansa a ɗakunan mutane. Ba mu ce rashin suna kaɗai ke jawo waɗannan ba; akwai son zuciya da haɗama. Amma rashin suna yana sauƙaƙa wa mai haɗama aikinsa.

Akwai kuma rabi na biyu na matsalar, watau isar da awon ga mai shi. Hukumar yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan. Labarin yakan iso wa manomin Ɗambatta daga Ingilishi, ya iso wa ɗan'uwansa na Matamaye daga Faransanci, kowane mai fassara da kalmar da ta zo masa a baki. Me ake nufi da "faɗuwar damina"? Wata ƙa'ida da aka tsara a Nijar a 1988, wadda masana da yawa ke bi, ta ce ita ce ranar da aka tara milimita 20 cikin kwana 3, bayan 1 ga Mayu, muddin ba a yi fashin ruwa fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 masu biyowa. Waɗansu masanan da tasu ƙa'idar dabam. Manomi kuwa ruwan shuka ya sani, wanda yake tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai. In rediyo ya ce "damina ta faɗi" bai faɗi wacce yake nufi ba, iri ne zai ƙone a rami. Tauraron SMAP na 2015 danshin saman ƙasa yake aunawa, zurfin santimita 5 kacal, saiwar dawa kuwa ta wuce nan nesa. Kalmar "fari" ma uku ce a wurin masana: ƙarancin ruwan sama, da ƙishin amfanin gona, da ƙafewar koguna da rijiyoyi.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Na farko, ai Ingilishi ya wadatar. Ya wadatar da wa? Mai digiri yana iya karantawa, amma wanda zai yanke shawarar shuka ko jinkiri, Hausa yake ji. Kuma ba mu ce a fassara jadawalin duniya a jefar da asalinsa ba. A cikin kwamfuta a bar sunan duniya yadda yake, domin kayanmu su hau layin kowa. Abin da muke nema shi ne kowane sunan duniya ya sami takwara guda ɗaya tak da Hausa, a ɗaure su tare.

Na biyu, za a ce daidaitawa tana kashe yalwar harshe, Basakkwace da Bakano da Ba'are kowa da kalmarsa. Wannan tsoro yana da tushe, ba mu raina shi ba. Amma sikelin tasha bai kashe mudun kasuwa ba, har gobe da shi ake awo a Rimi. Mawaƙi ya ci gaba da kiran hazo yadda ya ga dama. Takardar gwamnati da sanarwar rediyo su ne ke bukatar kalma guda, sauran kalmomin kuma a jera su a gefenta a matsayin laƙabi, kamar yadda masu jadawalin duniya ke yi. Ta haka ma za a adana kalmomin da ke shirin ɓacewa.

Na uku, za a ce ƙasar da ke fama da yunwa da rashin tsaro ina ta ga lokacin gardamar kalmomi? Amsarmu ita ce wannan aiki ba ya cin kuɗin harba tauraro ko gina madatsa. Zama ne da takarda da haƙuri. Kuma mun taɓa yin irinsa. Rubutun bokon da kuke karantawa yanzu ba daga sama ya faɗo ba. An yi Hukumar Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980, duk domin a daidaita yadda za a rubuta harshen nan. A 1990 malaman Hausa suka fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, shi ya sa ɗalibin Sakkwato da na Zariya suke amsa jarrabawa da kalmomi iri ɗaya. A 1972 ƙasar nan ta sauya hannun tuƙi, a 1973 ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo, kasuwa ba ta watse ba. Abin da aka yi wa nahawu da kuɗi, me zai hana a yi wa ruwan sama?

Saboda haka ga shawarwarinmu. Da farko mu fara da kanmu. Kowane ɗalibi da zai miƙa kundin bincike, kowane jeri na alƙalumansa ya zo da sunansa cikakke, da ma'anarsa, da ma'auninsa, da ranar awo da sa'arsa, da sunan tauraro da na'urar da ta auna, da alamar da aka sa inda babu awo. Muna roƙon malamanmu su mayar da duk kundin da bai cika wannan ba, kamar yadda akawun tasha ke mayar da buhun da ba shaida.

Na biyu, ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatun gona da ruwa da safiyo da agajin gaggawa, ku ne takardu ke bi ta hannunku. In ɗan kwangila ya kawo taswira mai launi, kafin ku sa hannu ku tambaye shi: wannan kore me yake nufi, da wace ƙa'ida, a wane wata aka auna? Tambayar ba rashin kunya ba ce ga na gaba, amana ce ta talakawan da ba za su taɓa ganin takardar ba. Addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, rahoton da ma'auninsa ke ɓoye kuwa ɗan'uwan tauyayyen mudu ne.

Na uku, a kafa kwamiti guda na ƙasashen biyu. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya tun 1969, tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ga cibiyar awon ƙasa daga sama da ke Jos, ga jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram. A zauna da manoma da makiyaya da masunta da masu karanta labarai, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a ɗauko dubbai. A fara da sunaye 100 waɗanda suka fi shafar shuka da kiwo da ambaliya, kowanne da sunan Hausa, da sunan duniya, da ma'ana cikin jimla biyu, da ma'auni. A buga, a raba wa gidajen rediyo da malaman gona, a riƙa dubawa duk shekara.

Na huɗu, mu kai namu can. Tun da ƙofar shawara a buɗe take, masananmu su tsara ma'anar fadama da burtali da gona mai itatuwa ta yadda na'ura za ta iya gane su, su gabatar, su tsaya a yi muhawara da su. Kalmar fadama ta riga ta shiga takardun Bankin Duniya tun shirin noman fadama na farkon shekarun 1990; saura a ba ta iyaka da ma'auni. Ƙungiyar ɗalibai kuma tana iya ba da gudummawarta ba tare da ta jira kowa ba: a hutun da ke tafe kowa ya koma garinsu da littafi, ya zauna gaban dattawa da ladabi, ya rubuto sunayen ƙasa da na ruwa da na iska da yadda suke rarrabe su.

A 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Kafin a shimfiɗa ƙarfe na farko sai da aka tsayar da faɗinsa, milimita 1,435, daidai da na Abuja zuwa Kaduna, domin kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Bayanan da taurari ke zubo mana kullum su ma kaya ne masu ƙetare iyaka, daga Kano zuwa Maraɗi, daga ofis zuwa gona. In ba mu daidaita layinsu yanzu ba, 'ya'yanmu ne za su yi ta sauke lodi suna sāke lodi kamar leburorin Zariya, in kuma kaya suka zube a hanya, a kan talaka za su zube.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, mu kuma ya ba mu himmar farawa. Amin.